Fulogi Biyu Daga Gidan Tantabaru

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Sunayen abokan makarantar allo sun tsere, hanyoyin da na sha bi da mota sun cakuɗe mini a ka, wani lokaci ma sai in shiga ɗaki in tsaya ina tunanin abin da ya kawo ni. Amma akwai yini guda da na tabbata ba zan manta da shi ba har a mayar da ni ƙasa. Shi ne yinin da na kai kakata gabashin garin Rufa'a, yinin da tafiyarmu ta kusa wargajewa saboda abin da bai wuce tsawon yatsa ba.

A shekarun nan na alif ɗari tara da sittin ne, ina da ƙarfina, ban daɗe da aure ba. Ƙauyenmu na bakin kogi, kudu da garin Kamlin. Gidajen laka ne da 'yan itatuwan darbejiya, bayansu kuma hawasha, gonakin audugarmu na ban ruwa, shimfiɗe har inda ido ya gaji. Mahaifina manomi ne, ni kuwa ƙarfe ne ya ɗauke mini hankali. Na yi shekaru ina koyon gyara da tuƙi, har Allah ya hore mini wani tsohon jif irin na soja, wanda ya sha wuce hannu kafin ya iso gare ni. Fentinsa ya koɗe ya koma launin ƙasa, rufinsa tamfol ne mai faci a kan faci, kuma ba ya tashi sai an juya masa hannu ta gaba. Duk da haka shi ne motar ƙauye. Shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke ɗauko amarya, shi ke zuwa ta'aziyya.

Kakata, uwar mahaifina, Habboba muke ce mata kamar yadda maƙwabtanmu Larabawa ke kiran tasu. Ita ba a nan aka haife ta ba. Tana yarinya ta baro ƙasar Sakkwato da ƙafa cikin ayarin masu niyyar aikin hajji, suka yi shekaru a hanya, a tsaya a yi noma, a tashi a ci gaba, har guzuri ya ƙare wa iyayenta a bakin wannan kogi suka zauna. Gajeruwa ce, siririya, mai kaifin harshe. Tsakanina da ita wasa ne irin na jika da kaka, ni ne maigidanta, ita ce uwargidan da na ƙi saki.

Wata rana wani mutum daga gabas, cikin masu zuwa aikin gona na ɗan lokaci, ya tsaya ƙofar gidanmu neman ruwan sha. Da ya ji Hausar Habboba sai ya tambaye ta garinsu na asali. Ta faɗa masa. Sai ya ce a ƙauyensu, can cikin filin Butana, akwai wata tsohuwa 'yar garin nan, ba baƙon da zai sauka ba ta tambaye shi labarin wata yarinya ba. Sai ya ambaci wani suna. Mu duka muka dubi juna, don ba mu taɓa jin sa ba. Habboba kuwa ƙwaryar da ke hannunta ta suɓuce. Ashe sunanta ne na ƙuruciya, wanda ƙawarta guda ce kaɗai ke kiran ta da shi. Tabarma ɗaya suka yi ta kwana a kai duk tsawon hanyar. Da iyayen Habboba suka tsaya, iyayen ƙawar suka wuce gabas wajen teku, kuma tun daga ranar kowacce ta ɗauka ɗayar ta riga ta gidan gaskiya. Mutumin ya ƙara da cewa tsohuwar tana kwance, ba ta ƙara fita ko tsakar gida.

Farkon damina ne lokacin. Kullum da yamma hadari na haɗuwa a kudu, ya yi ruri, ya watse. Duk wanda ya san baƙar ƙasar Butana ya san cewa da zarar ruwan kirki ya sauka, hanya ta mutu ke nan sai kaka. Mahaifina ya ce a bari sai bayan damina. Habboba ta dube shi kamar yaron da ya yi ɓarna.

"Kai ka da bayan damina," in ji ta. "Ni da ita ba mu da shi."

Sannan ta juyo gare ni. "Maigida, in mijin kirki ne kai, gobe mu tahi."

Muka fita da sanyin safiya. Ta yafa farin tobinta, babban mayafinta na Idi, ta rungume wani ƙunshi na gurasar kisra da busasshiyar kuɓewa da ɗan turare, ta zauna gefena ƙafafunta ba su ko taɓa ƙasan mota ba. Muka bi gefen kogi muka yi kudu. Har yanzu in na rufe ido ina ganin safiyar nan. Ruwan tur'a, magudanar ban ruwa, kwance kamar an narkar da azurfa an zuba a dogon kwami, balbelu tsaye a gefensa ba su motsi, hayaƙin girki na tashi a miƙe daga ƙauyuka. Kogin ya fara ɗauko jan ruwa daga tsaunukan Habasha, yana tafe da rassa da kumfa. A kan banton, jirgin da ke ƙetarar da motoci, Habboba ta zuba wa ruwan ido, leɓunanta na motsi, ban sani ba ko addu'a take ko hira da wani.

Muna hawa gangaren Rufa'a jif ya fara tari. Ya yi tsalle, ya yi harbi ta baya, ya ja kamar jaki mai ɗingishi, da ƙyar ya kai mu inuwar wata bishiya a bakin kasuwa ya mutu. Na buɗe murfin inji na kwance fulogin nan huɗu. Dama na san sun tsufa, na sha wanke su da banzin, wato fetur, ina kankare su da waya suna ƙara mini kwana. A ranar sun ce sun gama. Duka huɗun baƙi ƙirin, jiƙe da baƙin mai, biyu tangaransu ya tsage, sauran biyun bakinsu ya cinye har ya zama kamar haƙorin tsoho.

"Mi ya same shi?" in ji Habboba.

Na ce, "Abin da ke kunna masa wuta ne ya mutu. Yanzu zan sayo sabbi."

Ta ce ƙafarta ƙafata, ba za ta zauna cikin ƙarfe mutane na kallon ta ba.

Shagon kayan mota guda ne a layin. Ɗan ƙarami ne, mai duhu da sanyi, yana warin roba da man inji. Mai shi dattijo ne Balarabe, da farin rawani da tabarau ɗaure da zare. Ya ba Habboba kujera, ya aika aka kawo mata shayi, sannan ya karɓi fulogin da na miƙa masa. Balakat suke ce musu a can. Ya kai ɗaya bakin ƙofa wajen haske, ya juya shi, ya shinshina.

"Injinka na shan mai, ya usta," in ji shi, don haka ake kiran makaniki a can.

Na ce, ina kiran sa baffa da Larabci, "Ya daɗe yana sha, Ammi. Tsufa ne."

"Ina kuka nufa?"

Da na faɗa masa, sai ya leƙa sama ta ƙofa, ya dubi Habboba, ya koma ciki ya fito da kwalaye. Ya jera mini iri uku a kan kanta.

Na farko dogaye ne, masu walƙiya, na sababbin motoci. Ban ko tsaya ba na ture su, don na san zarensu ya fi na ramin injina tsawo. In ka ɗaura irinsu, bakinsu zai leƙa cikin inji fistin ya doke shi, ka tashi da asarar inji gaba ɗaya. Na biyu kuwa zarensu daidai da nawa, gajere, sababbi fil, kuma yana da su cikakken huɗu. Zuciyata ta yi fari. Na kai hannu, sai dattijon ya ɗora yatsa a kan kwalin.

"Dubi hancinsu tukuna."

Na duba. Farin tangaran da ke cikin bakin gajere ne, ya noƙe ciki. Na gane abin da yake nufi. Irin waɗannan masu sanyi ne, an yi su don injin mai lafiya da ke gudu a kan kwalta, suna saurin zubar da zafi. A injin da ke shan mai, wanda zai yi ta rarrafe da babbar giya cikin taɓo, ba za su yi zafin da zai ƙone man da ke taruwa a bakinsu ba. Za su kai ka nesa da gari, inda babu kowa, sannan su toshe.

Na ukun su ne nawa. Zare gajere, hanci dogo mai riƙe zafi, irin da tsohon inji ke so. Sai dai biyu kawai suka rage masa, a gindin kwali, takardarsu ta yi rawaya.

"In haɗa biyu da biyu fa?" na ce.

"Kana iyawa. Da kai kaɗai ne, ko da rani ne, da na ce haɗa ka tafi, in sun toshe ka kwance ka wanke. Amma da wannan baiwar Allah, da wannan sama..." Ya girgiza kai. "Motar da ke kawo mini kaya daga Madani na zuwa jibi. Zan sa a kawo."

Jibi! Na dubi Habboba. Larabcinta bai taɓa miƙewa ba duk shekarun nan, amma ta ji wannan kalmar sarai. Ta ajiye kofin shayin a hankali. Na tsaya da fulogi mai sanyi a hannun dama, mai zafi a hagu, ina auna su kamar nauyinsu zai gaya mini abin yi. In na yi sauri, ina iya kai ta tsakiyar fili in tsaya da ita cikin ruwa. In na jira, ruwan zai riga mu, ko ajali ya riga mu.

Dattijon ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce akwai wani jif ɗan uwan nawa sak a wani gida kusa da kogi. Mai shi ya rasu shekarun baya, bai daɗe da sayen sababbin balakat a wannan shagon ba, irin waɗannan masu dogon hanci. Motar na nan inda ya ajiye ta. Sai dai matarsa ba ta yarda a taɓa ko ƙusa ba. Masu gareji sun je, 'yan uwan mijin sun yi magana, duk ta sallame su.

"Ban ce za ta ba ku ba," in ji shi. "Na dai gaya muku inda suke."

Habboba ta riga ni miƙewa.

Muka bi wasu lunguna masu katangun laka, rana ta take, gari ya yi tsit kamar kowa ya yi ƙaura. Muka yi sallama a wata ƙofar langa-langa mai shuɗin fenti. Matar da ta buɗe doguwa ce, ba ta tsufa sosai ba, da zane uku-uku a kumatunta. Bayanta na hango jif ɗin. Yana tsaye a ƙarƙashin wata babbar bagaruwa, tayoyinsa sun nutse cikin ƙasa, yaɗon soso ya shiga ta taga ya fita ta rufi da furanninsa rawaya. Tantabaru sun cika shi, wasu a kan sitiyari, wasu a kan kujeru, suna ta gurnani. Hasken rana na saukowa ta ganyen bishiyar ɗigo-ɗigo a jikinsa. Kewayensa kuwa an share tas, har ana ganin sawun tsintsiya. Sai na ji kamar na ga motata ce a mafarki, bayan ni ma na tafi.

Na fara bayani da ladabi, na kira ta inna da Larabci, ina cewa "Halti, mun zo ne..." Idonta ya sauka a kan sifanar da ke aljihuna, fuskarta ta rufe.

"Ba na sayarwa ba ne," ta ce.

Habboba ta ture ni gefe da gwiwar hannu, ta ce da ni da Hausa, "Tahi ka zauna can, kai ba ka iya shiga gidan mutane ba." Ta shige, ta zauna a kan angareb, wato gadon igiya, da ke inuwa kamar gidan ƙanwarta ta zo, ta ce da matar cikin karyayyen Larabcinta, "Mai wannan mota, wane irin mutum ne?"

Matar ta yi tsaye. Sannan ta juya ta shiga ɗaki, na ce a raina shi ke nan, an kore mu. Sai ga ta da murhun gawayi da 'yar tukunyar jabana ta dafa gahawa.

Ban san iya lokacin da suka ɗauka ba. Na zauna a gindin katanga, ina kallon inuwa na matsawa, ina kallon kudu inda gajimare ya fara tara kai. Ƙamshin 'ya'yan gahawar da ake soyawa da kukan tantabaru suka yi ta danne ni har jikina ya mutu. Ina jin muryoyinsu sama-sama. Matar na ba da labarin mijinta, yadda yake waƙa in yana wanke mota, yadda take gane ƙarar injinsa tun yana bakin kasuwa ta ɗora ruwan shayi, yadda ya dawo wata rana da zazzaɓi ya ajiye motar a nan ya ce gobe zai duba mata birki. Ta ce kowa ya zo motar yake kallo, ba wanda ya taɓa tambayar ta shi. Ita kuma Habboba ta ba ta labarin yarinya biyu a kan tabarma ɗaya, inda Larabci ya ƙare mata sai ta cike da Hausa da hannu, matar na gyaɗa kai kamar tana jin kowace kalma.

Can na ji an ce, "Ya usta." Matar ce tsaye a kaina.

"Guda nawa kake so?"

"Biyu, Halti."

"Ɗauki biyun. Kada ka tashi tantabarun da ke kan ƙwai. Kuma in ka ɗaura, ka biyo da motar ta ƙofar nan."

Na ɗaga murfin injin a hankali, ya yi ƙara kamar mai miƙa bayan dogon barci. Gizo-gizo ya yi saƙa ko'ina. Na hure ƙurar da ke gindin fulogin, na ɗiga musu kananzir, na jira, sannan na sa sifana ina lallaɓawa don kada zare ya karye a ciki. Na farko ya ƙi, na bar shi. Na biyu ya saki, na uku ma ya saki. Da na fito da su haske sai na ga bakinsu ruwan ƙasa-ƙasa, launin soyayyar gyaɗa, a bushe, ba tsagewa ko ɗaya. Launin injin da aka kula da shi ke nan. Ban taɓa ganin mutumin ba, amma a wannan lokacin na san irin direban da yake.

A shago ni da dattijon muka wanke su, muka daidaita tazarar bakinsu da na sababbin biyun, muka gwada kowanne a jikin inji muka ga shuɗin tartsatsi na tsalle. Na ɗaura su da hannu tukuna, sannan na ƙarasa da sifana. Juyi biyu na yi wa hannun, jif ya kama. Ban taɓa jin muryarsa haka ba tun da na mallake shi, sumul, kamar mage na gurnani a cinya.

Na bi da shi ta lungun. Tun kafin mu iso matar ta fito. Na tsaya a ƙofar na bar injin na aiki. Ba ta dube mu ba. Ta dafa katanga, ta rufe ido, ta karkata kai gefe guda tana saurare. Tantabaru suka tashi gaba ɗaya suka yi kewaye a sama. Ta daɗe a haka, sannan ta buɗe ido ta ɗaga mana hannu.

"Ku tafi, ruwa na zuwa. Fi amanillah."

La'asar ta kusa lokacin da muka bar gidajen ƙarshe na Rufa'a. Daga nan kuma sai fili. Wanda bai ga Butana ba, da wuya in iya kwatanta masa. Ba tudu, ba kwari, ƙasa baƙa mai tsattsagewa, sama ta kife a kanta kamar ƙwarya. Hanyar ma sawun taya ne kawai. Kawalwalniya ta cika gabanmu, tafkuna na ƙarya masu sheƙi, raƙuma na tafiya a cikinsu ƙafafunsu ba su taɓa ƙasa ba, wani dutse can nesa na shawagi kamar jirgin ruwa. Muna tafiya amma kamar ba ma matsawa. Ƙarar injin ta zama ɗaya da shirun wurin.

A nan bakin Habboba ya buɗe. Ba da ni take ba sosai. Ta yi ta kiran sunayen rijiyoyi da garuruwan da suka ratsa, inda sunka ci ɗanyen gero, inda sunka bizne ƙanenta, inda wata mata ta ba su nono ba ta san harshensu ba. Ta ce ƙawar tata ta fi ta tsawo da tsoro, in kura ta yi kuka sai ta cusa kai a bayanta. Ta ce ranar rabuwa ba su yi ban kwana ba, an aike ta ɗebo ruwa ne, ta dawo ta tarar ayari ya tashi. Ta bi sawunsu da gudu da tulu a ka har ƙafarta ta fashe.

"Da tulun?" na ce.

"Awo. Ban tuna da aje shi ba."

Iska ta juya, ta zo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na waiga na ga kudu ta yi baƙi kamar shuni, ruwa na saukowa daga gajimaren kamar an saki labule. Kawalwalniyar ta ɓace. Ɗigon farko ya faɗo a kan murfin inji ya yi cus, sai na biyu, sai sama ta buɗe.

Kafin ka ce kwabo ƙasar nan ta zama sabulu. Na sa giyar taimako, ƙafa huɗu na ja, muka koma tafiyar hawainiya. Taɓo na naɗe tayoyi har su cika ramin, in sauka in kankare da hannu, in hau mu ƙara gaba. Mota na zamewa gefe kamar kwale-kwale. Ruwa na zuba ta facin tamfol, na lulluɓe Habboba da bargo, ita kuma ta lulluɓe ƙunshinta. Irin wannan tafiyar ce ke kashe fulogi a tsohon inji, rarrafe mai tsawo, mai na taruwa, ba gudun da zai ƙone shi. Kunnena na kan injin, ina jiran tarin farko. Na san in ya mutu a nan, ba mai wucewa sai bayan kwanaki, kuma tsohuwar da ke gefena ba za ta jure sanyin ba. Na yi ta karanta duk abin da na haddace. Injin bai yi tari ko sau ɗaya ba. Ya yi ta gurnaninsa, daidai wa daida, kamar ba abin da ya dame shi.

Ruwan ya tsagaita rana na dab da faɗuwa. Ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare, fili duka ya zama jan zinariya, kowane rami ya zama madubi. A tsakiyar wannan hasken muka hango bukkoki masu tsinin kai, da hayaƙi, da awaki.

Aka nuna mana bukkar. Na ɗauko Habboba daga mota kamar yarinya don kada taɓo ya ɓata mata tobi, na dire ta a bakin ƙofa. A ciki wata tsohuwa ce kwance a kan angareb, doguwa, ta rame har ƙashi, idanunta sun yi fari da yana. Habboba ta tsaya a kanta ba ta yi sallama ba. Ta kira ta da wani suna, a hankali. Tsohuwar ta ɗaga hannu tana lalube a iska har ta kama fuskar Habboba, ta bi goshi, ta bi zanen kumatu da yatsa. Na zaci za a yi kuka da salati. Sai na ji ta ce, da wata 'yar siririyar murya mai tsiwa:

"Ke dai kin cika nawa. Ɗibar ruwa kawai anka aike ki."

"To ga ni na komo," in ji Habboba. "Matsa mini."

Ta hau angareb ɗin ta kwanta a bayanta, suka yi ta dariya, dariya mara ƙarfi irin ta tsofaffi, har ta koma abin da ba dariya ba. Na fita na ba su wuri.

Da ƙasa ta ɗan sha iska na samu na lallaɓo gida ni kaɗai, don Habboba ta ce ba inda za ta. Bayana ruwa ya rufe hanyar. Damina guda suka yi tare. Mutanen ƙauyen sun gaya mini daga baya cewa tsohuwar har ta fara zama a ƙofar bukka, su biyun suna tsinke kuɓewa suna gardama a kan sunan wata rijiya. Ƙawar ta rasu dawa na fitar da kai. Habboba ce ta yi mata wanka. Da hanya ta buɗe na je ɗauko ta, na same ta zaune da ƙunshinta, fuskarta a sake kamar wadda ta sauke kaya.

Na yi shekaru ina tuƙi bayan wannan, motoci sun wuce ta hannuna ba adadi, kuma na sha tsayawa gaban kanta da abu biyu a hannu, ɗaya sabo mai sauƙin samu, ɗaya wanda ya dace amma sai an wahala. Abin da yinin nan ya koya mini shi ne, in rai na cikin tafiya, a nemi abin da ya dace da halin da ake ciki ko da zai ci rabin yini, don lokacin da na ga kamar ɓata shi muke yi, shi ne ya kai mu. Ya kuma koya mini cewa abin da kake nema sau da yawa yana hannun mutumin da ke da nasa ciwon. Ka fara zama ka tambaye shi lafiyar zuciyarsa, kafin ka fito da sifana.